Andrzej Wajda

Andrzej Wajda (6 ga Maris 1926 – 9 ga Oktoba 2016) daraktan fina-finai ne ɗan ƙasar Poland. Ya yi fiye da shekara 60 a harkar, kuma akasarin fina-finansa a kan tarihin ƙasarsa suke, musamman ɓangarorin da gwamnatin gurguzu ba ta son a taɓo.

Asali

An haife shi a garin Suwałki. Mahaifinsa hafsan soja ne, yana cikin dubban hafsoshin Poland da jami'an Tarayyar Sobiyet suka kashe a 1940, kisan da ake kira na Katyń. An ce tun yana saurayi, wajen 1942, ya shiga ƙungiyar masu yaƙar mamayar Jamus a ɓoye. Bayan yaƙi ya fara koyon zane a Kraków, sannan ya koma makarantar fim ta Łódź.

Aikinsa

Fina-finansa uku na farko, Pokolenie (1955), Kanał (1957) da Popiół i diament (1958), duk a kan yaƙin duniya na biyu suke. Kanał ne ya fito da shi duniya. Labarin mayaƙan boren da aka yi wa Jamusawa a Warsaw ne a 1944, waɗanda suka shiga magudanar ƙazanta ta ƙarƙashin birni don su tsira. Biyu daga cikinsu sun kai bakin kogi, ga haske suna gani, sai suka tarar an toshe mafitar da ƙarafa. Fim ɗin ya ci kyauta a bikin fina-finai na Cannes.

Hukumar tace fina-finai ta danne labarin fim ɗinsa Człowiek z marmuru sama da shekara goma kafin ya fito a 1977. Ci gabansa, Człowiek z żelaza, a kan yajin aikin ma'aikatan ƙera jiragen ruwa na Gdańsk yake, har Lech Wałęsa, jagoran yajin aikin, da kansa ya fito a ciki. Fim ɗin ya ci Palme d'Or, babbar kyautar bikin Cannes, a 1981, 'yan watanni kafin a kafa dokar soja a Poland. Danton (1983) kuwa a Faransa ya yi shi.

Sai a 2007, yana da shekara 81, ya samu damar yin Katyń, fim a kan kisan da ya rutsa da mahaifinsa.

Suka da karramawa

Wasu sun soki yadda ya nuna Yahudawa a fina-finansa Ziemia obiecana da Korczak; wasu sun kare shi. Ya yi sanata daga 1989 zuwa 1991, an ba shi Oscar na girmamawa a 2000. Ya rasu a Warsaw, aka binne shi a Kraków.