Waiwaye: yadda "ƙayyade iyali" ya koma "tazarar haihuwa"

Duk wanda ya taɓa raka matarsa awo a asibitocin Kaduna ɗin nan ya san yanzu ba a cewa ƙayyade iyali, tazarar haihuwa ake cewa, kuma ba haka kawai aka canja sunan ba.

Tun 1798 wani limamin coci a Ingila, Thomas Malthus, ya ce mutane na ƙaruwa fiye da abincin da ƙasa ke bayarwa, wai yunwa na nan tafe. Indiya ce ta fara mayar da ƙayyade iyali shirin gwamnati a 1952, amma da aka sa dokar ta-ɓaci daga 1975 zuwa 1977 zamanin Indira Gandhi sai abin ya koma ƙarfa-ƙarfa, aka dinga kama talakawa ana musu aikin da ba za su sake haihuwa ba, miliyoyin mutane fa, kuma yana cikin abin da ya kayar da ita zaɓe. Chaina ta zo da dokar ɗa ɗaya wajen 1980, ta soke a ƙarshen 2015, a 2021 ta ce a haifi uku, yanzu lallaɓa matasa ake su haihu sun ƙi.

Mu nan sai 1988 gwamnatin Babangida ta fito da tsarin 'ya'ya huɗu ga kowace mace, lokacin Olikoye Ransome-Kuti na ministan lafiya. Ka duba lokacin fa, ana tsakiyar wahalar SAP, shirin tsuke bakin aljihu na gwamnati, komai ya yi tsada, sai a zo a ce maka yawan 'ya'yanka ne matsalar. Malamai suka jawo ayar da ta hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci, mutanen gari suka ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, coci ma musamman Katolika ba su yarda ba. Sannan ga gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996, shi ya sa da aka fara jita-jitar cewa allurar foliyo na hana haihuwa a 2003 mutane suka yarda nan take. Ni dai ban ga laifin wanda ya yi zargi ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ga kuma siyasar ƙidaya. An ce mu miliyan 88.9 ne a 1991, miliyan 140 a 2006, daga nan ba a sake ƙirgawa ba, na 2023 ma ɗagewa aka yi. Tunda da yawan jama'a ake rabon kuɗi da kujeru, gwamnati na cewa a rage, 'yan siyasa kuma kowa so yake a ce jiharsa ta fi yawa.

Abin da ke damuna, a duk wannan ce-ce-ku-cen ba kasafai ake tambayar matan ba. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan yawan jama'a da aka yi a Alƙahira a 1994 ne ya fara juya maganar daga lissafin kawuna zuwa lafiyar mace da karatunta, duk da Saudiyya da Sudan sun ƙaurace masa. Alhali iyayenmu sun san tazara tun da can, mace ta je wankan gida, ta shayar shekara biyu, wadda ta yi kwanika har gori ake mata. Iran ma da malamanta suka goyi bayan shirin daga 1989, haihuwa ta sauka daga kusan shida zuwa biyu cikin 'yan shekaru.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a matsakaici mace a Najeriya na haihuwar 'ya'ya 5.3, a Arewa maso Yamma 6.6. Ka shiga Rigasa da safe ka ga yara cike da aji wasu a ƙasa, ka leƙa Kakuri ka ga masaƙun da suka ci da iyayensu a rufe. Buhari ya ƙaddamar da sabon tsarin yawan jama'a a 2022, amma har yau matar da ta gaji tana son ta huta shekara uku sai ta fara tunanin yadda za ta faɗa wa maigida da uwar miji.