Me ake nufi da "dam mai babban haɗari"?

A Amurka, idan hukuma ta sa madatsar ruwa a rukunin "mai babban haɗari", ba tana nufin bangon ya tsage ko yana dab da fashewa ba ne. Tambaya ɗaya ake yi: in dam ɗin ya ɓalle yau, wa ruwan zai tarar a gabansa? Idan da wuya a tsira ba a rasa rai ba, ya shiga babban rukuni ke nan. Idan asarar ta dukiya ce, kamar titi ko gada, matsakaici ne. In kuwa ɓarnar ba za ta wuce filin mai shi ba, ƙarami. Lafiyar ginin awonta daban.

Shi ya sa rukunin kan canza ba tare da an taɓa dam ɗin ba. Wani ya tare rafi a daji don kamun kifi da yawo a kwalekwale, bayan shekaru unguwa ta tsiro a gangaren. Tafkin na nan yadda yake, amma yanzu akwai yara suna barci a hanyar ruwan.

Ƙasar na da madatsu sama da 90,000 a rajista, fiye da rabinsu na masu zaman kansu ne, da yawa kuma don shaƙatawa kawai aka ajiye su. Nan ne abin ke damuna. Tafkin shaƙatawa ba ya kawo kuɗin da zai gyara kansa, kuma masu jin daɗinsa suna sama, masu ɗaukar haɗarinsa suna ƙasa.

Dubi abin da ya faru a Johnstown, jihar Pennsylvania. Wani kulob na attajiran Pittsburgh, cikinsu har da Andrew Carnegie, ya mallaki dam ɗin South Fork, wanda tarin ƙasa ne. Aka rage tsayin bangon domin hanyar keken doki ta ƙara faɗi a kansa. Aka kafa ragar ƙarfe a mafitar rarar ruwa don kada kifi su tsere. Bututun rage ruwa da aka cire tun kafin su saya, ba su mayar ba. Ranar 31 ga Mayu 1889, bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, tarkace ya toshe ragar, ruwa ya haura bangon ya cinye shi. Garin Johnstown na kimanin kilomita 23 a ƙasa. Mutum 2,209 suka rasu, kuma babu kotun da ta ɗora wa kulob ɗin alhaki. Don kifi fa aka sa ragar nan!

Amfanin wannan rarrabewa shi ne tana ƙara wa mai dam nauyi. A yawancin jihohi, dam mai babban haɗari ana yawaita duba shi, ana neman mafitar ruwa mai faɗi, da rubutaccen shirin gaggawa mai taswirar inda ambaliya za ta kai da waɗanda za a fara kira.

A jihar Michigan, gwamnatin tarayya ta ƙwace lasisin wutar lantarki na dam ɗin Edenville a 2018, musamman saboda mafitarsa ba ta isa ba. Dam ne na kamfani, da gidajen hutu kewaye da tafkinsa mai suna Wixom. Ya rufta ranar 19 ga Mayu 2020, ruwan ya haura dam ɗin Sanford da ke ƙasa da shi ya malale cikin garin Midland. An kwashe kimanin mutum 10,000, an kuma fara ne tun kafin bangon ya faɗi. Ba a rasa rai ko ɗaya ba.