Taya Mai Shiru Ga Ƙaramar Mota Mai Zafin Nama: Tambayoyi Da Amsoshi

Motata ƙarama ce mai gudu, ina jin daɗin tuƙa ta, amma ƙugin tayoyinta ya ishe ni. Laifin tayar ne ko na motar?

Yawanci na duka biyun ne. Motoci irin su Mazda MX-5, Mini Cooper S da Toyota GR86 an ƙera su ne don su zama marasa nauyi, saboda haka ba a cika jikinsu da kayan tare ƙara kamar yadda ake yi wa manyan motocin alfarma ba. Shokozobansu ma a ɗaure suke tamau. Sai kuma kamfani ya ɗora musu taya mai gajeren gefe, mai taurin jiki, wadda aka yi don riƙe kwana. Duk tsakuwar da ta taka sai ka ji ta a ƙugunka.

Motar dai ba za ka sāke mata hali ba, amma taya tana hannunka. Kafin ka kashe kuɗi, tabbatar tayar ce ke kukan. Hau titi mai faɗi, babu kowa, ka ɗan karkata sitiyari dama da hagu kana tafiya. In gurnanin yana ƙaruwa a gefe ɗaya yana raguwa a ɗayan, boris ɗin ƙafa ne ya ci, kuma ko wace taya ka saka ba zai yi shiru ba. In kuwa sautin yana canzawa ne idan ka bar sabuwar kwalta ka hau tsohuwa, to taya ce.

Mene ne ma tayar kowane yanayi, kuma me ya raba ta da wadda motar ta zo da ita?

Da yawa daga cikin irin waɗannan motoci da tayar lokacin zafi suke fitowa. Robarta tana manne wa titi sosai idan akwai ɗumi, amma da sanyi ya sauko ƙasa da maki 7 a ma'aunin Salshiyos sai ta fara ƙandarewa, riƙonta ya ragu. Tayar kowane yanayi an haɗa robarta ne yadda ba za ta yi tauri da wuri ba, an kuma yi mata ƙananan tsagogi masu yawa a zanenta don su kori ruwa su kama santsi.

Duba gefenta. Haruffan M+S alama ce ta tsarin zane kawai, ba shaidar cin wani gwaji ba. Hoton dutse mai tsini uku da ɗigon dusar ƙanƙara a ciki, shi ne ke nuna tayar ta ci gwajin tafiya kan dusar ƙanƙara. In inda kake ba a ganin ƙanƙara, wannan hoton ba abin nemanka ba ne. Irin waɗannan tayoyi sukan zo da zane mai siffar V, wanda kan ƙara ƙugi idan ya fara cinyewa.

To a cikin tayoyin kowane yanayi, wacce ce ta fi shiru da laushi?

Nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin suna fara tambayar sunan kamfani alhali ajin taya ya kamata su fara tambaya. Kamfani ɗaya yana yin mai laushi, yana yin mai tauri.

Aji biyu ne suka shafe ka. Na farko shi ne na masu neman gudu da riƙon kwana, irin su Michelin Pilot Sport All Season 4 da Continental ExtremeContact DWS06 Plus. Gefensu da ƙarfi, kafaɗun zanensu manya, sitiyari yana amsa maka nan take. Na biyu shi ne na doguwar tafiya cikin natsuwa, irin su Bridgestone Turanza QuietTrack da Continental PureContact LS. Waɗannan gefensu yana ɗan lanƙwasa ya shanye gargada, kuma sukan daɗe ba su suɗe ba.

Shirunsu ba tsafi ba ne. Dubi fuskar tayar da kyau, za ka ga tubalan zanen ba girmansu ɗaya ba: wani dogo, wani gajere, a cakuɗe. Da duk daidai suke, da kowanne zai bugi titi a kan ƙa'ida ɗaya, su haɗu su ba da sauti guda mai huda kunne. Da aka sassaɓa su sai ƙarar ta watse ta zama shuu ɗin da kunne ke mantawa da shi.

Ra'ayina: mai zuwa aiki da motarsa kullum, wanda sai jefi-jefi yake samun hanya mai kwane-kwane ya ɗan huce, aji na biyu ya fi masa. Amma ya sani akwai abin da zai bayar. Za ka juya sitiyari, sai motar ta yi ɗan jinkiri kamar ƙiftawar ido kafin ta bi. A babbar mota ba wanda zai lura. A MX-5 kuwa ranar farko za ka ji. In wannan amsawar ce ta sa ka sayi motar tun asali, zauna a aji na farko ka nemi mafi laushinsu.

Lambobin da ke gefen taya fa? Me 205/45 R17 88W ke nufi?

205 faɗin tayar ne a milimita. 45 tsayin gefenta ne, wato kashi 45 cikin ɗari na faɗin, kusan milimita 92 ke nan. R na nuna irin saƙar cikinta, 17 kuma girman wili ne, wato tsayinsa daga sama zuwa ƙasa, a inci. 88 lamba ce da ke nuna nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka, wato kilo 560. W kuma iyakar gudunta, kilomita 270 a awa. In harafin V ne, 240 ce, H kuma 210. Kada ka sauka ƙasa da nauyi da gudun da kamfanin motar ya rubuta a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. In ka ga XL, an ƙarfafa tayar don ƙarin kaya. Motar da ba ta buƙace ta ba, sau da yawa tauri kawai za ta ƙara mata.

An ce rage girman wili yana kawo laushi. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma sau da yawa ya fi canjin kamfani tasiri. Gefen taya shi ne katifar farko tsakaninka da titi. Ka bar 205/45 R17 ka koma 195/55 R16, gefen ya tashi daga milimita 92 zuwa 107, alhali tsayin ƙafar duka bai canza ko da kashi ɗaya cikin ɗari ba, don haka agogon gudu ba zai yi maka ƙarya ba. Milimita 15 ƙarama ce a ido, amma ranar da ka faɗa rami ita ce tsakanin ɗan "dum" da lanƙwasasshen wili. Sai dai a gwada tukuna: motar da ke da manyan birki, ƙaramin wili ba lallai ya shige ta ba. Masu son ado kuma za su ce motar ta rage kyau. Wannan tsakaninsu da idonsu.

Motata ta zo da tayar da ke ci gaba da tafiya ko ta yi faci. In rabu da ita?

Irin wannan taya, wadda BMW da Mini suka daɗe suna sakawa, gefenta kauri ne da shi har ya iya ɗaukar mota babu iska, yawanci tsawon kilomita 80 a gudun da bai wuce 80 ba. Wannan kaurin shi ne ke jijjiga ka kullum saboda facin da ƙila sau ɗaya zai same ka a shekaru. Komawa taya ta yau da kullum yana sassauta tafiya ƙwarai. Amma buɗe but ka duba: galibin motocin nan ba su da safaya. Sai ka tanadi famfon iska da ruwan toshe huda, ka kuma canza huɗun gaba ɗaya, kada ka gauraya.

Zan iya dogara da adadin ƙarar da ke kan takardar taya?

Da rabin zuciya. Tarayyar Turai ta wajabta wannan takarda tun 2012, ta sabunta ta a 2021. Tana nuna shan mai da riƙon jiƙaƙƙen titi daga A (mafi kyau) zuwa E, sai ƙara a ma'aunin desibel. Matsalar ita ce ƙarar da ake aunawa ta waje ce, wadda mai tsaye a bakin titi ke ji idan mota ta wuce, ba wadda ke shigo maka ciki ba. Bambancin desibel ɗaya da ƙyar kunne ke kama shi.

Abin da na fi dubawa a takardar shi ne harafin riƙon ruwa. Kaifin sitiyari za ka iya sadaukarwa don laushi. Tsayawar birki a ruwan sama ba abin ciniki ba ce. A ko B, iyakarta ke nan.

Akwai kuma tayoyin da aka manna wa soso a ciki, kamar ContiSilent da Michelin Acoustic. Sosan yana kashe amon da iskar cikin taya ke yi kamar ganga, amma bai taɓa ƙugin zane ba, kuma ba kowane girma ake samu ba.

Na saka sababbi, da farko tsit, bayan watanni ƙarar ta dawo. An cuce ni?

Ba lallai ba. Shafa tafin hannunka a fuskar tayar, gaba da baya. In ka ji tana kama hannu kamar haƙoran zarto, ko tudu da kwari, to ba daidai take ci ba: saitin ƙafa ya goce, ko shokozoba ya gaji. A yi saiti ranar da aka saka sababbin, a riƙa juya su gaba da baya duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000 in girmansu ɗaya. Iska kuma a auna ta da safe kafin taya ta yi zafi, a bi adadin jikin ƙofa. Wanda ke rubuce a gefen taya iyaka ce, ba umarni ba, kuma mai ba da iska da ya cika ta har can ya mayar maka da ita dutse.

In biyu kawai zan iya saya yanzu?

Saka su a baya, ko da gaba ne ke jan motar. Gaba in ya zame kana da sitiyari a hannu. Baya in ya ƙwace a ruwa, gajeriyar mota juyawa take yi kafin ka ankara. Ka kuma karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT: 1824 na nufin mako na 18 na shekarar 2024. Tsofaffin da ka bari a gaba, in zurfin zanensu ya kusa milimita 3, fara shirin canza su, kada ka jira 1.6 ɗin da dokar Turai ta sa a matsayin iyaka.