Sakramenti a addinin Kirista

Sakramenti ibada ce ta Kiristoci da ake yi da wani abu wanda ido ke gani hannu ke taɓawa, kamar ruwa ko gurasa ko ruwan inabi ko mai, a haɗa shi da wasu kalmomi ƙayyadaddu, bisa imanin cewa Yesu Almasihu ne ya kafa ta domin masu bi su sami alherin Allah ta hanyarta. Ɗarikar Katolika da ta Otodoks suna lissafa sakramenti bakwai. Akasarin Furotesta biyu suka riƙe, wato baftisma, wadda ita ce shigar da mutum cikin Kiristanci ta hanyar ruwa, da jibin Ubangiji, wanda shi ne cin gurasa da shan ruwan inabi kamar yadda Yesu ya yi da almajiransa a jibinsa na ƙarshe. Akwai kuma 'yan tsiraru, irin su Kwekas da Rundunar Ceto, da ba sa yin ko ɗaya, don a ganinsu alherin Allah ba ya bukatar ruwa ko gurasa kafin ya iso zuciya.

Adadin dai ba shi ne tushen saɓanin ba. Abin da malaman Kirista suka shafe ƙarnoni suna ja-in-ja a kai shi ne: ruwan da gurasar su ne ke ɗauko alherin su kai wa mutum, ko kuwa alama ce kawai ta abin da Allah ya riga ya yi a cikin zuciya?

Ma'anar alheri da asalin kalmar

A Hausar yau da kullum, alheri shi ne kirki ko kyautar da wani ya yi maka. A bakin Kirista kalmar tana da ƙarin nauyi, domin tana nufin tagomashin Allah wanda mutum bai cancanta ba, bai kuma saya da aikinsa ba. Wasiƙar manzo Bulus zuwa ga Afisawa (2:8) ta ce ceto ta alheri ne, ta wurin bangaskiya, kuma baiwa ce daga Allah. Don haka ko ɗarikun da suka fi ɗaukaka sakramenti ba sa kallonsa a matsayin aikin lada da bawa ke yi wa Ubangiji. Suna kallonsa a matsayin abin da Ubangiji ke yi wa bawa.

Kalmar kanta daga Latin ta fito. A daular Rum, sakramentum shi ne rantsuwar biyayya da soja ke yi ranar da ya shiga aiki. Tatuliyan, marubucin birnin Kartaj da ke Tunisiya ta yau, yana cikin na farko da suka ari kalmar wajen shekara ta 200 suka ɗora wa baftisma, kamar a ce mai shiga ruwan ya yi mubaya'a ga sabon shugaba. Kiristocin Gabas masu magana da Girkanci kuwa musterion suke cewa, wato asiri, kuma har gobe Otodoks "asirai masu tsarki" suke kiransu.

Rikicin Arewacin Afirka

Muhimmiyar ƙa'idar sakramenti a Afirka aka yi ta, cikin rikici. A shekara ta 303 sarkin Rum Diyokiletiyan ya ba da umarnin ƙona littattafan Kirista da rushe majami'u. Wasu limaman suka miƙa littattafai don su tsira da ransu, wasu suka ƙi aka kashe su. Da ƙura ta lafa sai tambaya ta taso: limamin da ya ci amana, baftismar da yake yi tana da inganci? A Kartaj, wani ɓangare ya ƙi amincewa da sabon bishop, wato babban limamin yankin, mai suna Kesiliyan, bisa zargin cewa cikin waɗanda suka naɗa shi akwai wanda ya miƙa littattafai. Wannan ɓangare, da aka riƙa kira da sunan jagoransu Donatus, ya ce wanda ba shi da tsarki ba ya ba wani tsarki. Duk wanda ya koma wurinsu sai sun sake masa baftisma.

Hujjarsu ba ta wasa ba ce, kuma sun yi rinjaye a ƙauyukan Numidiya, a yankin Aljeriya ta yau, na kusan shekara ɗari. Wanda ya tunkare su da alƙalami shi ne Agustin (354–430), bishop na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya. Agustin ya ce mai yin baftisma na ainihi Almasihu ne. Ko manzo Bitrus ne ya zuba ruwan ko Yahuza wanda ya ci amanar Yesu, Almasihu ne ya yi. Limami magudana ne kawai, ruwa mai kyau kuma kan bi ta kwatar dutse ya isa lambu ko da dutsen bai tsirar da komai ba. A babban zaman da aka yi a Kartaj a 411 hukuma ta goyi bayan ɓangaren Agustin, kuma ba a tsaya a hujja kaɗai ba, har da tara da ƙwace majami'u, abin da har yau ake zargin Agustin da halasta shi.

Abin da ya ba matsayin Agustin ƙarfi a aikace shi ne, in da ingancin baftisma ya rataya ga halin limami, to ba wanda zai taɓa tabbata an yi masa, tunda ba a ganin zuciyar mutum. Daga nan malaman Katolika na baya suka fitar da ƙa'idar ex opere operato, ma'ana sakramenti yana aiki ne saboda an aikata shi yadda aka kafa, ba saboda nagartar mai yinsa ba. Sun dai ƙara da cewa mai karɓa zai iya toshe amfaninsa idan ya zo ba tuba ba bangaskiya. Agustin ɗin ne kuma ya bar ma'anar da kusan kowa ke maimaitawa, cewa sakramenti alama ce ta zahiri ga alheri na ɓoye, kuma sai kalma ta haɗu da ruwan kafin ya zama sakramenti, in ba haka ba ruwa ruwa ne kawai.

Yadda aka kai bakwai

Sabon Alkawari bai ba da lissafi ba. Ƙarnoni da dama adadin yana yawo, wani ya ce biyar, wani goma sha biyu, wasu ma har da naɗin sarki da tsarkake ginin majami'a. Bitrus Lombad, malami a birnin Paris, shi ya tsayar da bakwai wajen 1150, sai manyan tarukan bishop-bishop na Katolika, wato Majalisar Fulorens ta 1439 da ta Tirent a 1547, suka tabbatar.

Tomas Akwinas (1225–1274) ya bayyana hikimar bakwai ɗin da kwatanta su da rayuwar jiki. Baftisma haihuwa ce. Tabbatarwa, inda bishop ke ɗora hannu ya shafa mai a goshi, ita ce girma da ƙarfi. Yukaristi, wato jibin Ubangiji, abinci ne. Furta zunubi a gaban limami magani ne bayan an kwanta ciwo, shafa wa marar lafiya mai kuma shi ke kawar da ragowar raunin. Sauran biyun na jama'a ne: naɗin limamai domin shugabanci, aure domin zuriya. Kowanne ana kafa masa hujja da nassi, misali Yakubu 5:14 ga shafa mai da Yahaya 20:23 ga gafarta zunubi. Uku daga ciki, baftisma da tabbatarwa da naɗi, ba a maimaita su, don ana ganin sun bar tambari a rai wanda ba ya gogewa. Nan mai karatu Musulmi zai ga inda kwatanta baftisma da alwala ko wankan tsarki ya gaza: waɗannan suna warwarewa a sake, baftisma kuwa sau ɗaya ce a rayuwa.

Majalisar Lateran ta huɗu a 1215 ta wajabta wa kowane baligi furta zunubi aƙalla sau ɗaya a shekara da cin jibi a lokacin Ista. Ita ce kuma ta yi amfani da lafazin cewa ainihin gurasa da ruwan inabi suna juyewa su zama jiki da jinin Almasihu, ko da launi da ɗanɗano ba su canza ba. Otodoks sun yarda da juyewar amma ba su damu da fayyace yadda take faruwa ba. Su kan haɗa wa jariri baftisma da shafa mai da jibi lokaci guda. A Habasha da Masar ana yi wa ɗa namiji baftisma a kwana 40, 'ya mace a kwana 80.

Zamanin gyara da rabuwar kai

A 1520 Martin Luta, malamin Jamus da ya fara yunƙurin gyaran da ya haifar da Furotesta, ya sa ma'auni mai tsauri: sakramenti sai wanda Almasihu da kansa ya umarta, mai ɗauke da alkawarin gafara da kuma alama ta zahiri. Da wannan ma'auni biyu suka tsira, baftisma (Matiyu 28:19) da jibi (1 Korintiyawa 11:23–26). Furta zunubi ya yi ta jinkiri a kansa, don bai so a watsar da shi ba. Amma Luta bai taɓa shakkar cewa alheri na zuwa ta ruwa da gurasa ba.

Wanda ya yi shakkar shi ne Zuwingili, jagoran gyara a birnin Zurik na Suwizalan. Ya ce jibi tunawa ce da shaida a gaban jama'a, kuma inda Yesu ya ce "wannan jikina ne" nufinsa wannan yana wakiltar jikina, kamar yadda ya kira kansa kurangar inabi ba wanda ya ɗauka itace ne. A Oktoba 1529 basaraken Hesse, Filibus, ya tara su a Marbug da fatan haɗa kan Furotesta gaban barazanar sarkin daularsu, wanda ɗan Katolika ne. Luta ya ɗauki alli ya rubuta "wannan jikina ne" a kan tebur, ya ce daga nan ba ya gusawa. Suka daidaita a batutuwa 14 cikin 15, na ƙarshen ya gagara, aka watse. Kalbin na Janeba ya zo daga baya da matsayi na tsakiya: jikin Almasihu yana sama, amma Ruhu Mai Tsarki yana ciyar da mai bangaskiya da shi da gaske a lokacin da yake cin gurasar. Anglikan suka ce biyu ne sakramentin Bishara, sauran biyar ba a sa su sahu ɗaya da su.

A Zurik ɗin ne kuma aka buɗe wata ɓaraka da ta fi shafar majami'un yau. A Janairu 1525 wasu almajiran Zuwingili suka yi wa junansu baftisma suna manya, suna cewa ta jarirai ba baftisma ba ce tunda jariri bai ba da gaskiya ba. Hukumar garin ta nutsar da ɗaya daga cikinsu, Filis Manz, a kogin Limmat a 1527. Ra'ayinsu bai nutse tare da shi ba. Baptis da Fentikos da akasarin majami'un bishara sun tsaya a kan baftismar wanda ya yi hankali ya furta da bakinsa, kuma da yawa ba sa ma son kalmar sakramenti, sun fi cewa farillai ne da Ubangiji ya umarta.

An sami kusantar juna a ƙarni na 20. Majalisar Fatikan ta biyu (1962–1965) ta buɗe ƙofar yin ibadun da harsunan jama'a maimakon Latin, kuma takardar da wakilan ɗarikoki daban-daban suka fitar a birnin Lima a 1982 ta ƙarfafa amincewa da baftismar juna, wadda aka yi da ruwa, cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Teburin jibi ne har yanzu bai haɗu ba. Lafazi ma ba a wasa da shi: a 2020 fadar Fafaroma ta yanke cewa baftismar da aka ce "muna yi maka" maimakon "ina yi maka" ba ta inganta ba, sai an sake.

A tsakanin masu ibada da Hausa

Miliyoyin Kiristoci a Filato, Kudancin Kaduna, Adamawa, Taraba, Gombe, Borno da ƙauyukan Maguzawa da Hausa suke sujada, musamman tun fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, kuma kowace ɗarika ta gaji matsayin mishan da ta haife ta. Katolika, da Anglikan irin na Wusasa, da Lutaran, wato mabiya Luta, na Numan suna yi wa jarirai baftisma. A majami'ar bishara ta ECWA kuwa sai mutum ya shiga ajin baftisma, dattawan ikkilisiya sun gamsu da shaidarsa, sannan a nutsar da shi a rafi ko kwarmin da aka gina. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta faro a Garkida a 1923, tana nutsarwa sau uku mutum yana durƙushe, kuma ta riƙe wankin ƙafafun juna a bukin ƙauna, koyi da Yahaya sura 13. Majami'un bishara da dama ba sa amfani da ruwan inabi mai sa maye.

A nan jibin Ubangiji shi ne kuma ma'aunin matsayin mutum a cikin jama'a. Idan aka ce an sa wani a horo, babban abin da ake nufi shi ne an hana shi cin jibi har sai ya tuba an mai da shi. Batun da ya fi daɗewa yana ci wa majami'u tuwo a ƙwarya shi ne na mai mata fiye da ɗaya da ya karɓi bangaskiya. Taron bishop-bishop na Anglikan a Lambet da ke Landan a 1888 ya ce kada a yi masa baftisma muddin yana tare da matan. Sai a 1988, bisa roƙon bishop-bishop na Gabashin Afirka, taron ya yarda a yi masa tare da matansa da 'ya'yansa masu bi, da sharaɗin jama'ar majami'ar wurin ta amince, kuma ba zai ƙara aure ba muddin ɗaya daga cikin matan tana raye.