Tseren Keke da Maganin Ƙara Kuzari: Wace Hujja Ce Ke Kama Mutum?

Duk shekara a watan Yuli ana tseren keke na Tour de France, mako uku ana zagaya Faransa, sama da kilomita 3,000, har da hawan duwatsun Alps da Pyrenees. Kuma kusan duk wanda ya lashe, kafin guminsa ya bushe an fara cewa ya sha wani abu. Mu da muke aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti wannan magana ta shafe mu, domin tambayar da ke ƙarƙashinta ita ce wadda majinyata ke yi mana kullum: takardar sakamakon gwaji, me ta tabbatar, me kuma ba ta tabbatar ba?

Sai an san yadda maganin ke aiki kafin a fahimci rigimar. Ƙoda tana samar da wani sinadari mai suna EPO, shi ke umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar iskar oksijin zuwa tsoka. An haɗa irinsa a allura saboda masu ciwon ƙoda da jininsu ke yin ƙasa, kuma rahama ce gare su. Amma idan lafiyayyen ɗan tsere ya yi ta, jininsa sai ya ƙaru ya yi kauri. Abin nan da muke rubuta wa PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, a jikin lafiyayyen namiji yakan tsaya ne wajen kashi 40 zuwa 50. In ya haura sosai, ga gumi ya ƙwafe ruwan jiki, ga zuciyar ɗan wasa tana bugawa a hankali lokacin barci, jini na iya daskarewa a jijiya, ya jawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

A shekarun 1990 babu gwajin da ke gano wannan allura. Saboda haka a 1997 hukumar keke ta duniya, UCI, ta ce duk wanda jininsa ya wuce kashi 50 a hutar da shi na mako biyu don lafiyarsa. Ba a kira shi mai laifi ba, domin akwai mutanen da Allah ya halitta da jini mai yawa, musamman waɗanda suka tashi a kan tsaunuka. Da wannan doka aka cire Marco Pantani daga tseren Italiya na 1999 yana kan gaba, saura zango biyu a gama, jininsa ya nuna kashi 52. Bai sake zama daidai ba. A 2004 aka tsinci gawarsa a ɗakin otal a Rimini, hodar iblis ta kashe shi yana da shekara 34. Babbar badaƙalar wancan zamani ma ba ɗakin gwaji ne ya bankaɗo ta ba, jami'an kwastam ne, da suka tare motar wani ma'aikacin ƙungiyar 'yan tseren keke ta Festina a kan iyakar Faransa da Beljiyam a 1998, cike da allurai. Daga nan aka kafa WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan maganin ƙara kuzari a wasanni, a 1999.

Sai Lance Armstrong, Ba'amurken da ya tashi daga jinyar ciwon daji ya lashe Tour de France sau bakwai a jere, daga 1999 zuwa 2005. Amsarsa ga kowa guda ce: an gwada shi ɗaruruwan lokuta ba a kama shi ba. Jama'a suka yarda, saboda suna ɗaukar sakamako mai tsabta a matsayin wanke mutum. Ga mai aikin gwaji kuwa, ma'anarsa ita ce ba a ga abin ba a wannan fitsari, a wannan rana, da wannan na'ura. Kamar dai mai zazzaɓin cizon sauro ne da aka duba jininsa da safe ba a ga komai ba, aka sake dubawa da dare aka gani. Allurar EPO tana ɓacewa daga fitsari cikin 'yan kwanaki, in kaɗan-kaɗan ake yi ma cikin sa'o'i, amma ƙwayoyin jinin da ta haifar suna nan suna aiki makonni. Ga kuma dabarar ɗibar jinin mutum a ajiye a firji, a mayar masa tsakiyar gasa. Jininsa ne, babu baƙon sinadarin da za a nema.

Abin da ya kayar da shi shaidu ne. A Oktoban 2012 USADA, hukumar Amurka mai yaƙi da maganin ƙara kuzari, ta fitar da hujjoji sama da shafi 1,000, da bayanin mutum 26, goma sha ɗaya daga cikinsu abokan tserensa ne da suka yi rantsuwa, haɗe da takardun biyan kuɗi da saƙonni. Aka ƙwace kofunan bakwai, kuma a Janairun 2013 ya amsa da bakinsa a talabijin. Abin da ke yi mini zafi shi ne mutanen da suka faɗi gaskiya tun da wuri, irin su Emma O'Reilly da ke yi masa tausa da ɗan jarida David Walsh, sun sha zagi da shari'a shekara da shekaru kafin duniya ta saurare su.

To amma kada wannan ya sa mu koma cewa duk wanda ya yi fice ɓarawo ne. Zato zunubi. Dubi Chris Froome, haifaffen Kenya, mai fama da asma. A tseren Sifaniya na 2017 fitsarinsa ya nuna salbutamol, maganin nan na shaƙa mai shuɗiyar roba da ke aljihun masu asma, ninki biyu na iyakar da aka yarda. Labari ya fita kafin a gama bincike, aka yi ta yi masa ihu a hanya. A Yulin 2018 UCI ta rufe shari'ar ta ce bai karya doka ba, bayan an duba yadda ƙarancin ruwa a jiki da bambancin aikin ƙoda ke sauya adadin da ke fita a fitsari. Akwai masana da har yau ba su gamsu ba, kuma ni ma ina ganin da talakan ɗan tsere ne marar kuɗin lauyoyi da ƙwararru, da wuya ya fita haka. Duk da haka hukunci ya wanke shi, kuma ba daidai ba ne a ci gaba da kiransa mai laifi.

Wane ma'auni ake bi ke nan? A kotun manyan laifuka sai an kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana. A shari'ar bashi ko gona, wanda hujjarsa ta ɗan rinjaya shi ke da gaskiya. Dokar WADA ta tsaya a tsakani: dole hukuma ta kawo hujjar da hankalin alƙalai zai kwanta da ita, gwargwadon nauyin zargin. Mun san wannan tushe a shari'ar Musulunci, hujja tana kan mai da'awa. Ana raba fitsari kwalba biyu a like, in ta farko ta nuna abu, ɗan wasa na da haƙƙin a buɗe ta biyu a gabansa ko gaban wakilinsa. Ana iya ajiye samfur har shekara 10 a sake gwadawa in ilimi ya ci gaba. Tun 2008 kuma UCI tana ajiye tarihin jinin kowane ƙwararren ɗan tsere, ta yadda ko ba a ga magani ba, in jinin ya yi tsallen da jiki ba ya yi da kansa, kwamitin masana zai nemi bayani.

Inda dokar ta yi tsauri shi ne, da zarar an sami haramtaccen abu a jikinka, ba a tambayar niyyarka, kai za ka nuna ta inda ya shiga. Alberto Contador ya lashe Tour na 2010, aka sami ɗigon clenbuterol, wani haramtaccen magani mai ƙara tsoka, a fitsarinsa, ya ce daga naman shanu ne. Kotun wasanni ta Lausanne ba ta gamsu ba, a 2012 ta dakatar da shi shekara biyu, kofin ya koma hannun Andy Schleck. Michael Rogers kuwa, da aka sami irin maganin a jikinsa a 2013, bayan bincike ba a yanke masa hukuncin dakatarwa ba, domin ya fito ne daga gasa a China inda aka san ana ba dabbobi shi.

Akwai magani guda da ya haɗa mu da su kai tsaye, tramadol. UCI ta hana shi lokacin gasa tun Maris ɗin 2019, saboda yana kawo jiri da gyangyaɗi, alhali mutane kusan ɗari biyu ne ke gangarowa daga dutse kafaɗa da kafaɗa. A kansa aka soke matsayi na shida da Nairo Quintana na Kolombiya ya samu a Tour na 2022, kuma daga Janairun 2024 WADA ta hana shi a gasar kowane wasa. Wannan tiramol ɗin ne 'yan'uwanmu 'yan acaba da leburori da 'yan ƙwallon unguwa ke jefawa a shayi da sassafe, wai don kada su ji gajiya. Gajiyar tana nan, jin ta ne aka toshe. NAFDAC ta amince ne da mai miligiram 50 da 100 bisa rubutun likita, amma wanda ke yawo a tasha 200 ne ko 225 ko 250. Ana kawo mana matasa suna jijjiga, sun ciji harshe, kumfa a baki, wasu numfashi ya yi ƙasa, iyaye na zaton iska ce.

Ɗan wasan da ke fatan shiga gasar ƙasa ko ta waje, ya gaya wa likita shi ɗan wasa ne kafin a rubuta masa komai, ya ajiye kwalin duk abin da ya sha, har da maganin gargajiya da garin ƙara tsoka, domin wasunsu na ɗauke da abin da ba a rubuta a jiki ba. Mai cutar da ke buƙatar haramtaccen magani ya nemi izinin hukumar wasansa a rubuce tun kafin gasa. Wanda tiramol ya riga ya kama, kada ya yanke shi rana ɗaya, ya zo asibiti a rage masa a hankali. In kuma wani ya faɗi yana jijjiga a gabanku, ku kawar da abin da zai ji masa ciwo, ku kwantar da shi ta gefe, kada ku cusa masa cokali a baki, kada ku ɗura masa manja ko madara. Ku kawo shi asibiti mafi kusa, ku taho da ragowar ƙwayar ko takardarta, ku gaya mana ƙarfe nawa ya sha.