Gyaran Tsarin Sanyaya Inji da Wayarin na Tsohon Babur

Tsarin sanyaya inji da wayarin suna cikin sassan da suka fi saurin lalacewa a babur ɗin da ya kwana biyu, ko ana hawansa ko yana ajiye. Ƙarfen inji yana jure shekaru masu yawa, amma roba takan bushe ta tsage, bakin waya ya yi kore, ruwan lagireto kuma ya daina hana tsatsa. A baburan da ake sanyaya su da ruwa, sassan biyu a haɗe suke, domin fankar lagireto da makunninta da agogon zafi yawanci da wuta suke aiki. Sau da yawa babur ɗin da ke tafasa ruwa ba lagiretonsa ne ya toshe ba, wata waya ce ta ruɓe.

Tarihin sanyaya inji da ruwa

Sanyaya injin babur da ruwa ya girmi yadda mutane da yawa suke zato. Babur ɗin Hildebrand & Wolfmüller, wanda aka fara ƙerawa a birnin Munich na Jamus a 1894, kuma ake ɗauka shi ne na farko da aka yi da yawa don sayarwa, da ruwa ake sanyaya shi, kuma murfin da ke saman tayar baya shi ne tankin ruwan. A Ingila, Alfred Angas Scott ya fara fitar da baburansa masu silinda biyu a yankin Yorkshire wajen 1908. Injin Scott ba shi da famfon ruwa: ruwan da ya yi zafi shi ke hawa sama zuwa lagireto da kansa, wanda ya huce ya gangaro ya maye gurbinsa.

Duk da haka, iska ce ta mamaye sana'ar har kusan shekara sittin, saboda silinda mai haƙarƙarin ƙarfe ta fi arha, ta fi rashin nauyi, kuma ba ta yoyo. Kamfanonin Japan ne suka dawo da ruwa. Suzuki GT750 ya fito a 1971, Honda GL1000 Gold Wing a tsakiyar shekarun 1970, Honda CX500 a 1978, Yamaha RD350LC wajen 1980, sai Kawasaki GPZ900R a 1984. Dalilan sun haɗa da ƙarin ƙarfin inji da tsaurin dokokin ƙara da hayaƙi. Suzuki ya bi wata hanya dabam a GSX-R750 na 1985, inda ya dogara da baƙin mai da iska. Yawancin baburan da ake farfaɗo da tsarin ruwansu a yau 'ya'yan wannan zamani ne.

Tarihin wutar babur

Yawancin baburan farko da maganeto, na'urar da inji ke juyawa ta samar da wuta ba tare da batir ba, suke ba fulogi wuta, fitilarsu kuma ta kabaid ce. Daga baya dinamo da batir mai volt 6 suka shigo. Kamfanin Indian na Amurka ya gwada tayar da inji da batir tun 1914 a samfurin Hendee Special, amma batiran lokacin ba su iya ɗaukar aikin ba, aka janye shi. A shekarun 1960 aka fara komawa volt 12. Kawasaki H1 na 1969 yana cikin baburan farko da suka bar kontak suka koma tsarin CDI, akwatin lantarki mai ba fulogi wuta.

Akwai abin da dole mai gyara ya sani daga wannan tarihi. Yawancin tsofaffin baburan Birtaniya masu kayan wutar Lucas, hannun batir mai alamar ƙari ne ake ɗaurawa a jikin firam, saɓanin baburan Japan. Juya batir a irin wannan babur yana iya ƙona na'urar caji nan take. Launin wayar at, wadda ke mayar da wuta ta firam, shi ma ya bambanta: kore a Honda, baƙi a Yamaha, baƙi da ratsin fari a Suzuki, baƙi da ratsin rawaya a Kawasaki, ruwan ƙasa a BMW.

Gyaran tsarin ruwa

Ana fara aikin ne da injin a sanyaye, domin buɗe murfin lagireto da zafi yana ƙona mutum. A zubar da tsohon ruwa, a wanke ciki har ruwan ya fito garau. Launin tsatsa alamar ruwan ya daɗe ne, amma ruwa mai kama da madara ko mai maiƙo yana nuna baƙin mai na shiga, ta gasket ɗin kan silinda ko ta robar famfon ruwa. Famfunan da yawa suna da ƙaramin rami a ƙasa wanda aka yi da gangan. Ɗigo daga nan shaida ce cewa abin da ke tare ruwa ya cinye. A CX500 wannan gyara ne sananne, kuma bisa littafin kamfani sai an sauke inji.

Tiyo da ya ƙandare ko ya kumbura canza shi ake yi. Murfin lagireto, wanda aka fi mantawa da shi, yana riƙe matsin kusan 0.9 zuwa 1.1 a ma'aunin bar, kuma wannan matsi ne ke hana ruwa tafasa da wuri. Tamostat, wanda ke buɗe wa ruwa hanyar zuwa lagireto idan inji ya yi zafi, ana gwada shi a cikin ruwan zafi. Yawanci yana fara buɗewa wajen digiri 80 na ma'aunin Salshiyas. Ana cika tsarin da rabin tataccen ruwa, rabin sinadarin sanyaya inji, a fitar da iskar da ta maƙale. Honda na ba da shawarar sinadarin da ba shi da silikat, saboda silikat yana cinye abin tare ruwan famfo. Sinadarin sanyaya inji mai suna ethylene glycol guba ne mai zaƙi, ana nisanta shi da yara da dabbobi.

Gyaran wayarin

Rewaya mai hankali yakan auna kafin ya yanke. Lafiyayyen batir mai volt 12 yana nuna kusan volt 12.6 a hute, idan inji na gudu kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Ƙasa da haka caji ya gaza, sama da haka na'urar daidaita wuta ta lalace kuma za ta dafa batir. Mahaɗar wayoyi uku da ke fitowa daga kwayil ɗin caji ita ce ta fi narkewa, saboda datti a bakin ƙarfe yana haifar da zafi. Bayan ita sai wayoyin da ke wuyan babur, waɗanda juya kan babur ke karyawa daga ciki alhali robarsu lafiya lau, sai wurin da wayar at ta kama firam, musamman bayan an yi sabon fenti. Fanka ana gwada ta da haɗa ta kai tsaye da batir. Idan ta juya, laifin na makunnin zafi ne ko fis ko waya. Sa fis da ya fi na asali ƙarfi yana mayar da wayar kanta abin ƙonewa.

Saɓanin ra'ayi

Masu gyara sun rabu kan liƙa waya da dalma ko matse ta da ƙarfe. Masu matsewa suna cewa dalma na sa waya karyewa saboda girgiza. Haka kuma masu son babur ya zauna yadda kamfani ya fito da shi ba sa yarda da sabuwar na'urar caji ko fis na zamani, yayin da masu hawa kullum suke sa su. Cire tamostat gaba ɗaya dabara ce da ta yaɗu, amma littattafan kamfanoni ba su amince da ita ba.