Ku yaye ciyawar nan daga kan iri da wuri

Manoman rani, lokacin yafa irin tumatir da tattasai ya zo, kuma abin da muka yi ta magana a kai bara shi nake sake gani a lambuna daga Kura har Kadawa. Mutum ya kira ni ya ce, "Malam, mugun iri aka sayar mini." In je in ɗaga ciyawar da ya lulluɓe bedi da ita, wato wurin da ake yafa iri kafin dashe, in tarar tsiro ya fito tuni: dogo, siriri kamar zare, kara fari fat, ganye ruwan ɗorawa a manne, kai a lanƙwashe. Yaushe aka yafa? Wai mako biyu. Haba Alhaji! Tumatir fa cikin kwana 5 zuwa 7 yake tsirowa.

Iri ba shi da laifi. Tsiron da ya tashi a duhu ba ya yin kore, kuma da koren nan yake haɗa abincinsa. Kafin ya ga haske, ɗan guzurin cikin ƙwaya yake ci, yana ƙarar da shi wajen miƙewa neman rana. Da haske ya same shi, cikin 'yan awoyi kore zai fara bayyana, ganye ya buɗe. Kwana ɗaya zuwa biyu ya yi shar. Amma karan da ya riga ya zuƙe ba ya komawa, haka za ka dasa shi yana kwanciya.

Na san dalilinku. Ana tsoron kaji, ana tsoron bedi ya bushe, ga tsadar man injin ban ruwa. Ciyawa tana riƙe danshi, gaskiya ne. To amma ranar da tsiro ya huda ƙasa aikinta ya ƙare. Barinta bayan nan, danshin da kuke taƙama da shi ne zai ruɓar da gindin tsiron.

Abin da ya fi ci mini rai, sai an makara sannan a zo da tsakar rana a yaye ta gaba ɗaya. Tsiron da bai taɓa ganin haske ba ka damƙa shi ga ranar azahar? Kafin la'asar ya ƙone.

Don Allah, daga kwana na huɗu a riƙa ɗaga ciyawa ana leƙawa kullum da safe. An ga tsiro, a cire ta da yamma. A kafa 'yar rumfa sama da bedi, mai barin haske ya ratsa, a riƙa rage ta a hankali. Wanda ya riga ya yi rawaya a bar shi ƙarƙashin rumfar sai ya yi kore. A rage ruwa mako guda kafin dashe. Tattasai ya fi jinkirin tsirowa, shi ma a riƙa leƙa shi.